Allurar Malam Attahiru da Tab ɗin Gusau

Duk wanda ya san Tsafe ya san rumfar Malam Attahiru, ko da bai san sunan mai ita ba. Rumfar kara ce a jikin katangar gidansa, tabarma ɗaya, buta ɗaya, sai wani siririn dattijo da ya duƙufa a kan babbar riga kamar mai neman abin da ya faɗi. Ɗinkin hannu yake yi. Aska biyu, aska takwas, tambari, linzami, babu wanda bai ratsa ta yatsunsa ba. A Kuceri aka haife shi, a can ya koyi allura a gaban mahaifinsa, mutumin da ba ya koyarwa da baki. In ɗinkinka ya karkace, ranƙwashi ne zai sanar da kai. Da zaman ƙauye ya ƙi daɗi a shekarun baya, Malam Attahiru ya kwaso matarsa Wasila da gwangwanin alluransa ya dawo gari. Gona ya bari a can, sana'a kuwa ta biyo shi.

Mutum ne mai jin kai, ba zan ɓoye ba, amma jin kansa duk a yatsu ya tattara shi. Bai taɓa ɗaura komai a yatsa don kare kaifin allura ba, yana ganin wannan aikin ragwaye ne. Shekara da shekaru yana tura allura cikin shadda mai tauri, har yatsun suka yi kanta, suka zama kamar ƙofato. In Garba mai shayi, maƙwabcin rumfarsa, yana neman wuta, Malam Attahiru sai ya ɗauki garwashi da yatsu biyu ya miƙa masa yana ci gaba da hira. Ba ya yin haka sai in akwai baƙo a wurin.

Akwai abin da bai faɗa wa kowa ba. Idonsa ya fara janyewa. Da farko ya ɗora wa rumfar laifi, ya ce ta cika duhu, ya dinga jan tabarma zuwa bakin rana har ya kusa zama a kan hanya. Daga baya ya ɗora wa masu yin allura, wai kafar allurar zamani ta ƙanƙance. A ransa dai ya san gaskiya, kuma tsoro yake ji ƙwarai, don bai san wane ne shi ba in aka cire allura daga hannunsa. Sai kuma wani abu ya ƙara rikita shi. Kullum da safe in ya buɗe gwangwani, sai ya tarar da allurai a zure da zare, kowace da kalar da zai bukata, alhali shi bai tuna lokacin da ya zura su ba. Ya yi tunani, ya yi tunani, ya yanke wa kansa hukunci cewa ƙwaƙwalwar ma ta bi sahun idon. Ya ƙara yin shiru da bakinsa.

Ana cikin haka Alhaji Yusha'u ya zo. Ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin 'Yankuzo, yana cikin 'yan ƙalilan da har yanzu suke raina ɗinkin inji. Ya zauna, aka gaisa, ya fito da waya ya nuna wani tsohon hoto na marigayi mahaifinsa sanye da babbar riga. Rigar ta salwanta lokacin da suka taso daga ƙauye, hoton nan kaɗai ya rage. Ya ce an tabbatar masa mahaifin Malam Attahiru ne ya ɗinka ta, shi ya sa yake son irinta sak, daga hannun ɗansa, ya sa ta ranar Babbar Sallah.

Malam Attahiru ya karɓi waya ya kai ta kusa da hanci, ya mayar da ita nesa, ya karkata ta wajen rana. Abin da ya gani kawai wani farin abu ne mai ɗigo-ɗigo. Amma bakinsa ya riga shi, ya ce ya gani, aiki ne mai kyau. Alhaji Yusha'u, da kyakkyawar niyya, ya ƙara da cewa in aikin zai wahalar da shi kada ya damu, akwai masu injin kwamfuta a Gusau, hoto kawai ake nuna musu. Da ya mare shi da ya fi sauƙi. Malam Attahiru ya ce a bar masa shaddar.

Ga shadda a hannu, ga alkawari, ga ido babu. Wayarsa kuma irin mai maɓallai ce, ko hoto ba ta karɓa. A nan ya tuna wata ma'aikaciyar gona da ta taɓa zama a rumfarsa tana jiran mota, riƙe da wata faffaɗar waya kamar tire. Ta buɗe yatsu biyu a kan gilashin, sai ga tsutsar masara ta kumbura ta kai tafin hannu, har gashin jikinta ya gani da wannan idon nasa. Ya tambayi Garba sunan abin, cikin nuna halin ko-in-kula. Garba ya ce tab ake ce mata.

Da ya gaya wa Wasila zai sayi tab saboda aiki, ba ta tambaye shi wane aiki ba. Mace ce mai yawan dariya da ƙarancin tambaya, sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ta dai ce in zai saya ya sayo mai ƙara, wadda za ta ji wa'azi ko tana gaban kasko, ta kalli fim ba sai ta je maƙwabta ba, kuma ta ga fuskar jikokinta, 'ya'yan Bara'atu da ke aure a Kaduna. Ya ɗaure fuska ya ce kayan aiki zai saya, ba kayan wasa ba. Ƙarya yake yi rabi. Tun yana saurayi Malam Attahiru mayen kallon dambe ne, girma ne ya hana shi zuwa fili, kuma ya ji an ce duk damben duniya yana cikin abin nan.

Mutumin kirki ba ya sayen babban abu bai yi shawara ba, don haka ya kama hanyar Bungudu wajen ƙanensa Kamilu, malamin makaranta, wanda dangi suka yarda duk wani abu mai waya ko batir ya san shi. Ya shiga mota da sassafe, suka wuce dutsen Kwatarkwashi, suka ratsa Gusau, inda tab ɗin take, suka wuce ta. Kamilu ya yi murna da aka zo neman iliminsa, ya kuwa zazzage shi duka. Ya yi maganar ram da memori da wani abu wai shi furosesa. Ya ce akwai mai cin sim, akwai wadda sai an jona ta da wata wayar. Akwai mai zuwa da biro, akwai mai zuwa da maɓallan rubutu. Batir kuma shi ne uwa uba, tunda wutar Tsafe sai ta ga dama take leƙowa. Malam Attahiru yana gyaɗa kai, kowace kalma tana shiga ta tarar da ta gabanta ba ta sami wurin zama ba. A ƙarshe Kamilu ya ce duk maganar guda ce: akwai ta aiki, akwai ta nishaɗi, sai mutum ya san wadda yake so.

“Ta aiki nika so,” in ji Malam Attahiru.

“To, Yaya, wane irin aiki za ka yi da ita?”

“Kallon hoto.”

Cikin ladabi Kamilu ya ce, “Ai Yaya, kallon hoto ba aiki na ba. Nishaɗi na.”

Wannan magana ta bi Malam Attahiru har tasha. In kallon hoto nishaɗi ne, to ta nishaɗi ce za ta yi masa aiki ke nan? In kuma ya sayi ta aiki, ko za ta ƙi nuna hoto? Damben kuma a wane ɓangare yake? Da ya ce wa Kamilu idona ne ya mutu, ina son abin da zai kumbura mini ɗinki, da an gama magana a taƙaice. Amma wa zai faɗa wa ƙanensa haka? Kamilu ba zai iya raka shi ba saboda yara na jarrabawa, sai ya buga wa wani tsohon ɗalibinsa, Kabiru, mai shago a layin masu waya a Gusau. A gaban Malam Attahiru ya ja masa kunne: wanda zai zo yayana ne, uba ne, kada ka bar shi ya wahala da komai.

Kabiru kuwa ya cika umarni har ya zarce. Tun daga bakin layi ya tarbe shi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya kore wani daga kan kujera, ya goge ta, ya aika aka kawo ruwa mai sanyi. Sannan ya jero tab uku, ya tsuguna a gefen kujerar, yana ɗaga kowace da hannunsa yana kai ta gaban fuskar Baba. Shi ke kunnawa, shi ke shafawa, shi ke juyawa. Malam Attahiru ma haka ya ga ya dace. Dattijo ba ya wawurar kayan da bai saya ba, balle kayan gilashi. Ya naɗe hannuwansa cikin riga ya zauna kamar mai karɓar gaisuwa. Sau ɗaya ya miƙa hannu, ya auna nauyin kowace a tafinsa yadda yake auna shadda, ya ƙwanƙwasa bayanta ya saurara, ya mayar.

Ƙaramar mai cin sim ce, batirinta yana daɗewa, amma muryarta siririya. Babbar tana da ƙara kamar rediyon mai shayi, amma Kabiru ya ce tana shan caji. Ta ukun mai biro ce, ta 'yan ofis. Duk wadda Kabiru ya yaba sai Malam Attahiru ya ji ita yake so, sai kuma a faɗi aibinta ya ji ya tsane ta. Don ya nuna masa ƙarar babbar, Kabiru ya sako dambe. Kalangu ya tashi, wani ƙato ya kai wa wani naushi, ƙafar Malam Attahiru ta motsa da kanta a ƙarƙashin riga. Ya yi gyaran murya ya ce a kashe, shi ba wannan ta kawo shi ba.

Sai ya ba Kabiru lambar Alhaji Yusha'u, aka kira shi ya turo hoton. Kabiru ya ɗora yatsu biyu a ƙirjin rigar ya buɗe su. Aljihun ya taso ya cika gilashi. Malam Attahiru ya ga askakin a jere, ya ga tambarin, ya ga yadda aka karya zare a kusurwa aka komo da shi ta ƙasa, abin da mutum ɗaya kawai ya sani yana yi, mutumin da ya sha ranƙwashinsa a kan wannan kusurwar. Hannun mahaifinsa ne, ba ko shakka. Ya ji kewar tsohon kamar jiya aka binne shi. Ya ce wa Kabiru fankar shagon tana sa masa hawaye.

Aka gwada hoton a duka ukun, kowace ta nuna. Ruɗanin ya dawo sabo. Ga azahar ta wuce, kuma babu mai son yamma ta same shi a hanyar Tsafe a zamanin nan. Kabiru ya sake tambaya a hankali ko ta aiki Baba ya fi so ko ta nishaɗi. Malam Attahiru ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya nuna babbar da haɓa. In ka tambaye shi dalili zai ce nazari ya yi. Gaskiyar ita ce bayanta kalar zaren tsamiya ne, ita kaɗai ce a cikinsu ta yi kama da abin da ya sani. Kabiru ya zuba mata wa'azi da finafinai, ya zuba dambe ba tare da an roƙe shi ba, ya ajiye hoton rigar inda taɓawa ɗaya za ta fito da shi. Ya mayar da ita kwali, ya ɗauka da kansa har mota, ya ɗora wa Baba a cinya. Tun daga shigarsa shagon har fitarsa, yatsan Malam Attahiru bai taɓa gilashin nan ba.

Washegari ya fito rumfa da wuri, kafin Garba ya hura wuta. Ya yi bisimilla, ya danna maɓallin gefe yadda ya ga an yi, gilashi ya kawo haske. Ya ɗora yatsa ya shafa. Shiru. Ya sake shafawa. Ya danna da ƙarfi, ya danna a hankali, ya goge gilashin da bakin riga, ya goge yatsan a gwiwa. Tab ta yi masa kallon ban san ka ba, ta gaji ta rufe ido. Ya buga wa Kabiru, Kabiru ya ce Baba ya taɓa a hankali kawai, lafiyarta ƙalau. Ya buga wa Kamilu, Kamilu ya ce ai ga irinta nan, da ta aiki aka saya da ba a yi haka ba. Malam Attahiru ya fara zargin ko abin ya saba da hannun Kabiru ne, kamar akuyar da ba ta yarda da baƙon mai tatsa. Da ya hango Garba tafe da itace, ya tura ta cikin riga ya shige gida.

Wasila tana tsakar gida tana matsar tunkuza. Ya ajiye mata tab a kan tabarma ya ce an cuce shi, matacciya aka sayar masa. Ta goge hannu da zane, ta kai yatsa ɗaya, ko taɓawar kirki ba ta yi ba sai ga abu ya buɗe, ga mahaifin Alhaji Yusha'u tsaye cikin rigarsa. Malam Attahiru ya karɓe ya taɓa. Shiru. Ta taɓa, ta motsa. Ya taɓa, ta ƙi. Wasila ta kama hannunsa ta juya shi, ta latsa kan yatsun da farcenta, ta ce mijin maƙwabciyarsu, maƙeri, haka yake fama da waya.

“Ba ta jin ka na, Malam. Kanta ta yi yawa. Awa ka taɓa ta da icce.”

Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa. Waɗanda yake taƙama da su, masu ɗaukar garwashi, babu wanda ta kula. Sai ɗan ƙaramin yatsan hagu, malalacin da bai taɓa tura allura ba tun da aka haife shi, shi ta amsa wa. Wasila ta juya baya kafaɗunta suna rawa. Shi bai ga abin dariya ba, don yatsa ɗaya buɗe hoto kawai yake yi. Kumbura shi sai da biyu, ƙaramin na dama kuwa zare ya daɗe da cinye shi.

Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki ya rasa abin da ke masa daɗi. A rumfa yake aiki, cikin maza, inda Wasila ba ta zuwa. In ya ce Garba ya riƙa buɗe masa hoto, kafin la'asar Tsafe duka ta ji cewa Malam Attahiru ba ya gani sai an kumbura masa, kuma ko abin da ya saya ba ya iya taɓawa. Ya dubi hannuwansa. Sana'ar da ta cinye idon ita ce ta toshe yatsun, ta hana shi maganin idon. Baƙin ciki ya kama shi sosai. Ya ce wa Wasila, ba tare da ya dube ta ba, zai mayar wa Alhaji da shaddarsa ya kai wa masu inji, tab kuma ta riƙe ta yi kallonta, daman ta nishaɗi ce.

Ta sauke kasko, ta wanke hannu da sabulu, ta shimfiɗa tabarma a gindin bangon gabas, inda haske yake da yawa amma rana ba ta dukan gilashi. Ta kifa turmi ta jingina tab a jikinsa. Ta shiga ɗaki ta fito da shaddar da gwangwanin allurai. Sannan ta zauna, ta ɗora yatsu biyu a ƙirjin rigar ta buɗe su, ta tambaye shi ko nan ne wajen, ko ta ƙara. Ya matso ba don ya yi niyya ba. Ya ce ta ƙara kaɗan, ta yi hagu. Kusurwar nan ta mahaifinsa ta fito ɓaro-ɓaro.

Hannunsa ya tafi gwangwani da kansa. Ya buɗe, ya laluba, ya zaro allura. Babu zare. Ya zaro wata, ita ma babu. Ya tsaya yana jujjuya su, yana ƙoƙarin tuna ko jiya ya manta bai zura ba. Wasila ta karɓi allurar daga hannunsa, ta tsinke zaren tsamiya da haƙori, ta lashi bakinsa, ta zura shi tashi ɗaya, ta daidaita tsawonsa daidai yadda yake so, kamu biyu da ɗan ƙari, ta miƙa masa idonta yana kan gilashi. Ta ce hayaniyar tab ce ta sa yau ba ta samu ta yi ba kafin ya fita.

Malam Attahiru ya dubi allurar, ya dubi Wasila.

“Ke ta, ashe?”

“To da wa?”

“Tun yaushe kinka sani?”

“Tun randa ka sa ma rigar liman baƙin zare wurin shuɗi, ka kwana biyu kana warwara kana faɗa da masu rini.” Ta gyara zaman tab ɗin a jikin turmi. “Ɗinka, Malam, kahin cajin shi ƙare. Ina son ganin ɗiyan Bara'atu da marece.”

Kunya ta kama shi, da wani sanyi a ƙirji da ya daɗe bai ji irinsa ba. Ashe ƙwaƙwalwarsa lafiya lau take. Ashe kuma asirin da yake ta dakon ɓoyewa, har Bungudu, har Gusau, a cikin gwangwaninsa ake rufa masa shi kowace safiya.

Alhaji Yusha'u ya sa rigarsa ranar Sallah, aka ce da ya tsaya gaban madubi sai da ya nemi wurin zama, don mahaifinsa ya gani a ciki. Mutanen rumfa har yau ba su gane abin da ya mayar da Malam Attahiru cikin gida da hantsi ba. Garba yana cewa tsufa ne, wasu suna cewa dambe yake kallo a ɓoye, kuma ba su yi ƙarya duka ba, don bayan la'asar akan jiyo kalangu ta saman katanga, da muryar Wasila tana tambaya wane ne ya faɗi. Kamilu in ya zo yakan tambaya, wai a ƙarshe ta aiki aka saya ko ta nishaɗi. Malam Attahiru yakan ce shi ma bai sani ba, kuma da gaske yake. Gwangwanin dai yanzu ba a ɓoye ake cika shi ba. Da safe yakan miƙa mata shi da hannunsa, ya zauna kusa yana jira ta gama.